Falmaran mai batir: abin da za ka sani kafin ka bar Legas zuwa ƙasar ƙanƙara

Shekarata 14 ina gyaran waya da sayar da batir a Computer Village da ke Ikeja, a Agege nake kwana. Da zarar shekara ta doshi ƙarshe sai mutane su fara tsayawa a gaban teburina da tambaya iri ɗaya. Wannan ɗansa ne ya samu karatu a Kanada. Wancan maigidansa ne zai tura shi Chaina saro kaya a watan Janairu. Wata Hajiya kuma 'yarta ce ta haihu a Ingila, za ta je ta kula da ita. Duk sun ga tallar riga mai ɗumama jiki da batir a wayoyinsu, suna son su ji ko gaskiya ce ko damfara. Gaskiya ce. Na sa ta kuma ta yi mini rana, amma sai da na sha wuya kafin na gane yadda ake tafiyar da ita.

Ƙanena yana karatu a Bursa ta ƙasar Turkiyya, garin da ke gindin dutsen Uludag mai tsayin mita 2,543. Zuwana na farko a tsakiyar sanyi ne, ya ce, "Yaya, ai ba za ka koma Legas ba ka taka ƙanƙara ba." Muka shiga teleferik, ɗan akwatin nan da ke rataye a jikin waya yana hawa da mutane, har wurin da ake wasan zamiya a kan ƙanƙara. Na sa singileti biyu na auduga, suwaita biyu, na ɗora wata ƙatuwar jaket ta gwanjo. Ina koyo, ina faɗuwa ina tashi, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Sai muka hau kujerar da ke mayar da 'yan wasa saman gangara. A nan za ka zauna cik wajen minti goma, ƙafafu na reto, iska na dukanka ta ko'ina. Gumin nan ya koma kamar an kwara mini ruwan firji a gadon baya, haƙorana suka riƙa haɗuwa, yatsuna suka ƙi riƙe sanda. Ni ɗan Kano ne, na san hunturu, amma wannan wani abu ne dabam. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, don haka sanyin da ka ji a cikin gari somin-taɓi ne.

A kan kujerar nan na fahimci abin da nake faɗa wa kowa yanzu. Mai zamiya ba ya jin sanyi yana cikin motsi, jikinsa ma zafi yake yi. Sanyi yana kama shi ne idan ya tsaya: a layi, a kan kujera, ko wajen jiran abokin tafiya. Waɗannan mintunan su rigar batir take rufe maka. Ba ta zo ta maye gurbin kayan sanyi ba, mataimakiyarsu ce.

Abin da ke cikinta ba wani siddabaru ba ne. An ɗinke siraran zare na kabon, ko waya mai laushi, a tsakanin yadi biyu, galibi a baya da ƙirji, wani lokaci har da wuya ko aljihu. Wuta ta bi ta cikinsu sai su yi zafi, kamar dai yadda dutsen guga yake yi, sai dai da ƙarfi kaɗan ƙwarai. Akwai maɓalli a ƙirji mai mataki uku. A yawancinsu ja shi ne mafi zafi, fari matsakaici, shuɗi na ƙasa, amma ka duba takardar taka don kamfanoni suna saɓawa.

Idan abu ɗaya kuɗinka zai saya, sayi falmaran, wato marar hannu. Na san yatsu ne suka fi kuka a sanyi, shi ya sa mutane ke rugawa wajen safar hannu mai batir. Amma jiki yana da dabararsa: da ƙirji da ciki suka fara sanyi sai ya matse jijiyoyin jinin da ke zuwa hannu da ƙafa don ya tsare zuciya da huhu. Ka ɗumama tsakiyar, jini zai ci gaba da kaiwa yatsu. Falmaran kuma tana shiga ƙarƙashin kowace jaket, ba ta hana hannu motsi. Safar hannu da ta ƙafa masu batir su biyo baya, ga wanda ya gwada ya ga har yanzu yatsunsa na daskarewa.

Yanzu batun batir, wanda shi ne sana'ata, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Iri uku za ka tarar. Akwai mai bolt 5, wadda ake jona mata fawa banki irin na waya ta ramin USB. Akwai mai bolt 7.4, tana zuwa da batirinta da cajarta na musamman masu zagayayyen baki, kuma ta fi saurin ɗaukar zafi. Akwai mai bolt 12, wadda aka fi yi wa masu babur da ma'aikatan gini. Ga mutumin Legas da zai je ya yi mako biyu ko wata ɗaya ya dawo, mai bolt 5 nake ba da shawara. Batirinta ya lalace, ko'ina a duniya za ka samu wani, kuma ka dawo gida zai ci gaba da yi maka cajin waya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Wanda zai zauna shekaru a Kanada ko Rasha yana iya neman mai 7.4, amma ya saya da batir na biyu tun daga farko, kuma kada ya taɓa jona masa wata caja in ba tasa ba.

Lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin fawa banki, 10,000 mAh ko 20,000 mAh, ba ita kaɗai za ka duba ba. Nemi ƙananan rubutun da ke baya, inda aka sa Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batirin ke iya adanawa. Idan babu, lissafin mai sauƙi ne: ka ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya ba ka 37 Wh ke nan, mai 20,000 kuma 74. Wani kaso yana salwanta wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5, don haka daga cikin 37 ɗin ka sa rai da wajen 30. Falmarata tana jan kusan wat 10 a kan ja, ka ga awa uku ke nan batir ya mutu. A kan shuɗi tana kai ni awa bakwai zuwa takwas. Duk mai tallar da ya ce maka "awa goma" to a mataki na ƙasa yake nufi, kuma a cikin ɗaki. Sannan ka tabbata ramin da za ka jona yana fitar da 5V 2A ko sama da haka. Ƙasa da wannan, rigar za ta yi ɗumi-ɗumi kawai, ko ta riƙa mutuwa.

Wata matsala da ba kowa ya sani ba: wasu fawa banki suna kashe kansu idan suka ji abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. A mataki na ƙasa rigar tana kunnawa tana hutawa ne, to a lokacin hutun sai batir ya ɗauka an gama caji, ya yi barci. Kana kan dutse sai ka ji baya ya huce, ga batir cike. Maganinta gwaji tun a gida: jona, sa a shuɗi, bar ta rabin awa, ka ga ko fitilar tana nan.

Kada ka sayi batirin da za ka manna a haƙarƙarinka a hannun mai talla a cikin cunkoson motoci. Wani saurayi ya taɓa kawo mini wanda ya saya haka, an rubuta masa 30,000 mAh, ya ce ko rabin waya ba ya cikawa. Na ɓalle shi a gabansa. Ƙwayoyi huɗu ne a ciki, ɗaya ce kawai aka jona da waya, sauran ukun kwanso ne da aka ɗura wa yashi don abin ya yi nauyi. Araha ba ta ado. Je shagon da za ka iya komawa, ka ce a gwada maka da 'yar mitar USB a gabanka. Mai 10,000 na gaskiya nauyinsa yana wajen giram 200, kuma shi na fi so. Guda biyu masu 10,000 sun fi ɗaya mai 20,000, domin babban yana jan aljihu ƙasa, kuma idan ka faɗi a kansa za ka ji a jikinka. Zaɓi mai faɗi marar kauri, mai gefuna a goge.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai gwada kayan sanyi a Legas da wuya, garin da ko a tsakiyar hunturu da ƙyar zafi ke sauka ƙasa da digiri 20. Ni dabarar da na yi kafin tafiyata ta biyu, wani abokina yana aiki a ɗakin sanyi na kifi a Ijora, inda ake ajiye kaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Na roƙe shi, ya nemi izinin maigidansa, ya ce, "Mutumina, kwata ɗaya kawai, kuma ina tsaye a bakin ƙofa." Na shiga tsakanin kwalayen kifi da aka jera har rufi, ƙanƙara ta yi fari fat a jikin ƙofa, numfashina na fita kamar hayaƙi. Da farko falmaran kaɗai na ɗora a kan rigata, na sa ja. Mitar tana nuna wuta na tafiya daidai, amma ɗumin da nake ji bai taka kara ya karya ba, duk yana tserewa. Sai na ɗauki jaket na ɗora, na ja zif har wuya. Kafin minti biyar bayana ya yi ɗumi kamar na jingina da bangon da rana ta daka. Batir ɗaya ne, mataki ɗaya ne, abin da ya canza kawai an samu abin da zai tare zafin. Idan ba ka da aboki a irin wannan wuri, ɗaki mai na'urar sanyaya iska ma ya isa ka gane ko duk sassan rigar suna ɗaukar zafi. Ka bi su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi sanyi waya ta tsinke a ciki, wanda kuma ya fi sauran zafi a ɗigo guda shi ma alamar matsala ce, ka mayar.

Ga yadda ake jera suturar. A jikin fata ka sa riga mai dogon hannu wadda ba auduga ba, ko ta ulu ko irin yadin jesin 'yan ƙwallo, don shi yana fitar da gumi ya bushe da wuri. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ita ta kusa kayar da ni a Uludag. A kan wannan sai falmaran mai batir, kuma ta kama jiki. Mu mun saba da sutura mai yalwa, babbar riga da kaftani, amma a nan yalwa asara ce: in akwai rata tsakaninta da jikinka, iska kake ɗumamawa. Sai suwaita marar nauyi idan sanyin ya yi tsanani, sannan jaket mai hana iska da ruwa shiga. Na ciki da na wajen duk za ka samu a gwanjo, a Katangua ta wajen Abule Egba ko a Yaba, da kuɗin da bai kai rabin abin da za ka biya a can ba. Hula mai rufe kunne da abin rufe wuya kada a manta su. Takalman zamiya da sanduna da hular kwano haya ake bayarwa a wurin.

Safa guda ɗaya tak a kowace ƙafa, doguwa, ba mai kauri sosai ba. Kowa yakan so ya ninka biyu ko uku, amma takalmin zamiya a matse yake, kana ninkawa kana tare jini, ƙafar ta ƙara sanyi. Idan mai batir ce, batirin ya zauna a saman bakin takalmi, kuma ka lallaɓa wayar da ke bin ƙafa kada ta naɗe a ƙarƙashin maɗauri.

A filin jirgin Murtala Muhammed, rigar tana iya shiga babban akwati, amma batir a jakar hannu zai tafi. Wannan doka ce ta jiragen sama a ko'ina: batirin litiyam da ba a cikin na'ura yake ba, ba ya shiga cikin kayan da ake aunawa a tura ƙasan jirgi, saboda in ya kama wuta a can babu mai gani. Wanda bai wuce 100 Wh ba, wato kusan 27,000 mAh, ba ya buƙatar izini. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi, kuma biyu kawai. Rubutun jikinsa ya zama ana iya karantawa, don wanda ya goge ana iya karɓe shi. Dokokin sun ƙara tsauri a 2025. Kamfanin jirgin Emirates, daga 1 ga Oktoba, fawa banki ɗaya yake bari fasinja ya shiga da shi, kuma ba a amfani da shi a cikin jirgi. Chaina kuma daga 28 ga Yuni ta hana hawa jiragenta na cikin gida da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar. 'Yan kasuwarmu masu sauka Guangzhou su wuce wani gari su lura da wannan. Ka tambayi kamfanin jirginka kafin ka sayi batir na biyu. Ka kuma riƙe 'yar adafta, don soket ɗin Turkiyya da yawancin Turai mai rami biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai uku ba.

To ga ka a kan dutse. Yadda muke yi da janareta a Legas, ba a barin sa yana ta ci ba dalili, haka za ka yi da rigar. Kafin ka fita daga masauki ka sa ja na minti biyar zuwa goma, jiki ya ɗauka. Kana fita ka mayar shuɗi. Za ka fara gangarowa, kashe ta gaba ɗaya, domin motsin ya ishe ka, kuma in ka bar ta gumi za ka yi, gumin kuma shi ne zai dawo ya cuce ka. Ka iso layi ko ka hau kujera, kunna. Da wannan tsarin batir ɗaya ya kai ni daga safe har la'asar, na biyun bai fito daga aljihu ba sai da za mu sauko. Shi na ajiyar a aljihun ciki yake zama, kusa da jiki, saboda sanyi yana rage wa batirin litiyam ƙarfi. Wayarka ma haka, za ka ga tana kashi 40 ta mutu farat ɗaya idan ka bar ta a aljihun waje.

Da ka dawo masauki kada ka jona batir a caji nan take. Yin cajin litiyam yana ƙasa da sifili yana lalata shi daga ciki, lalacewar da ba ta gyaruwa. Bar shi awa ɗaya a kan tebur ya sha ɗumin ɗaki, ka goge raɓar da ta taru a jikinsa, sannan ka jona. Ba a kan hita ba, ba kuma ƙarƙashin filo ba. Idan ka yi muguwar faɗuwa a kansa, fito da shi ka duba. Ya lotsa, ya kumbura, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, to ya gama aiki, kada ya koma jikinka.

Batun alwala, ni a masauki nake yin ta da ruwan ɗumi kafin in fita. Idan ta kama a sake, a Turkiyya ba ka rasa ɗan masallaci. Cire safar hannu ka ajiye nesa da famfo, ka tsane hannu da ƙafa sosai da tawul, har tsakanin yatsu, kafin ka mayar da safa. Danshi kaɗan a yatsa ya isa ya hana ka sakat.

Hajiyar da na ambata a farko ta ce mini, "Ɗana, ni fa ina da ciwon suga, ba komai?" Na ji daɗi da ta tambaya. Zafin da bai wuce digiri 44 ba yana iya ƙona fata idan ya daɗe awanni a wuri ɗaya, kuma wasu rigunan suna haura 50 a kan ja. Mai lafiya zai ji ya rage. Wanda suga ta rage masa jin taɓi, musamman a ƙafa, ba zai ji ba sai ya cire safa ya ga bororo. Na ce mata, "Hajiya, falmaran a kan riga, a mataki na ƙasa, amma safar ƙafa mai batir sai kin ji ta bakin likitanki." Haka nan mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da mai juna biyu, su fara tambayar likita. Ƙaramin yaron da ba zai iya cewa "ya yi zafi" ba, ba a sa masa. Babu wanda zai sa ta a kan fata tsirara, kuma babu mai kwana da ita a kunne. Masu fita daga hanyoyin da aka shata su shiga jejin ƙanƙara suna rataya wata na'ura da ake gano mutum da ita idan ƙanƙara ta rufta masa, kuma kayan lantarki suna iya rikita ta, don haka su faɗa wa jagoransu abin da ke jikinsu. Sabon shiga dai ya tsaya inda aka shata.

Ko da rigar tana aiki, ka riƙa duba yatsu da hanci da kunne. Wurin da ya yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, ka daina jin sa, sanyi ya fara cin naman ke nan. Shiga ɗaki nan da nan. Kada ka murza, kada ka kanga a wuta ko ka manna a jikin hita. Ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, shi ake tsoma wurin a ciki, sannan a nemi ma'aikatan lafiya.

Idan ka dawo Legas, abokan gabar kayanka sun koma zafi da danshi. Cire batir, tura bakin wayar cikin aljihunsa ka ja zif, ka wanke rigar da hannu a ruwa marar zafi. Kada ka murɗe ta wajen matsewa, nan ne zaren ciki ke tsinkewa. Shanya ta a inuwa har ta bushe ƙarau, kuma ka gargaɗi mai wanki kada dutsen guga ya taɓa ta. Rataye ta ya fi ninkewa, in kuma dole ne a ninke, kada layin ninkin ya bi ta kan wuraren ɗumin. Lokacin damina ka riƙa fito da ita tana shan iska saboda fumfuna. Batir mai bolt 7.4 da ba za ka taɓa ba sai baɗi, bar shi da rabin caji, a wuri mai sanyi, ba cikin mota ba, ba kusa da janareta ba. Duk wata uku ka danna maɓallinsa, in ya sauka ka ɗan ƙara masa ya koma rabi.